Giya da Kayan Kariya a Tsofaffin Motocin Peugeot 404 da 504

Motocin Peugeot 404 da 504, waɗanda jama'a suka fi sani da Fijo, sun shafe shekaru suna jigilar mutane da amfanin gona a hanyoyin karkara, irin wadda ta tashi daga Lafiya ta ratsa Assakio zuwa Shendam. Sun yi suna wajen juriya da sauƙin gyara. Sai dai ƙarfin jikin mota daban, kare ran wanda ke cikinta daban.

Asalinsu

An fito da 404 a Faransa a 1960, sannan 504 ta biyo baya a 1968, har aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969. A Nijeriya, an kafa kamfanin PAN a 1972, ya kuma fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna a 1975. Ko da aka daina ƙera salun ɗin 504 a Turai a 1983, Kaduna ta ci gaba da fito da motar har tsakiyar shekarun 2000.

Nau'o'in giya

Akasarin waɗannan motoci giyar hannu gare su, huɗu na gaba da ribas ɗaya. A 404 da 504 na farko, sandar giyar tana jikin sitiyari, daga baya aka mayar da ita ƙasa, tsakanin kujerun gaba. Ƙarfin injin yana bi ta kuloci zuwa akwatin giya, daga nan farfela ta kai shi ga tayoyin baya. Farfelar tana cikin wani bututun ƙarfe, wanda ke taimaka wa motar jure gargada.

Kamfanin ya kuma tanadi giyar otomatik mai hawa uku, ƙirar ZF ta Jamus, ga wanda ya biya ƙarin kuɗi. Ita ba ta da fedar kuloci, mai ne ke isar da ƙarfin injin ga giyar. Saboda haka ba a tayar da ita da turi, kuma janta da igiya a doguwar tafiya yana lalata akwatin. Giyar hannu ta fi karɓuwa a karkara, domin ana iya tura motar in batir ya mutu, kuma bakanike yana iya kwance ta da kayan aikin da ke garejinsa.

Kayan kariya daga masana'anta

Manyan samfuran salun na 504 sun zo da birkin faifai a duka tayoyi huɗu, abin da ba a cika samu ba a motocin talaka na lokacin. Wagon da a-kori-kura kuwa faifai ne a gaba, birkin ganga a baya, wanda yakan yi sanyin kamu in ya ɗau zafi a gangare ko kaya sun yi yawa.

Bel mai kama ƙirji da ƙugu ya riga su samuwa. Injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo ne ya ƙirƙiro shi a 1959, kamfanin kuma ya bar wa sauran masu ƙera motoci su yi amfani da fasahar. Amma na'urar ABS, mai hana tayoyi cijewa in an taka birki da ƙarfi, sai a 1978 Mercedes-Benz da Bosch suka fito da ta zamani. Jakar iska kuwa a 1981 ta shiga manyan motocin Mercedes. An zana 404 da 504 kafin wannan zamani, ba kuma da waɗannan na'urori aka tsara su ba.

Abin da doka ta tanada

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, ta kuma fara tilasta ɗaura bel a ranar 1 ga Janairu, 2003. Tsufan mota ba ya zama uzuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi ga mazauna kujerun gaba.

Abin lura ga mai saye

Wanda zai sayi irin wannan mota ya duba ko giya tana fita da kanta a kan tafiya, ko tana ƙara yayin sauyawa, ko kuloci yana sulɓewa a hawa. Ya duba bututan man birki, da tsatsa a wurin da aka ɗaure bel da jikin motar. Bel ɗin da ya kode ko ya tsage sauya shi ake yi, ba ɗinkewa ba. A motar da ba ta da jakar iska, bel da lafiyayyen birki da tafiya a hankali su ne kaɗai kariyar direba da fasinjojinsa.