Tarihin Kulorokwin da Ƙwayar Zazzaɓin Cizon Sauro

A shekarar 1934 ne Hans Andersag ya haɗa kulorokwin a ƙasar Jamus. Saboda arharsa da kaifinsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da shi sa'ad da ta ƙaddamar da yaƙin kawar da zazzaɓin cizon sauro a 1955. Ba a je ko'ina ba sai ƙwayar cutar ta fara bijire masa a iyakar Kambodiya da Tailan, da kuma Kolombiya. A 1978 bijirewar ta iso Gabashin Afirka.

Sai a 2000 aka gano asirin: sauyi ne a wani sashe na gadon halittar ƙwayar, mai suna pfcrt, wanda ke ba ta ikon fitar da maganin daga tumbinta kafin ya illata ta. Wato magani ya kashe raunana, masu sauyin kuwa suka tsira, suka hayayyafa.

Nijeriya ta koma ga haɗin atemisinin a 2005. A 2020 kuma aka ba da labarin ɓullar wani sauyin, na kelch13, a Ruwanda, wanda ke jinkirta aikin atemisinin ɗin. In har aka ci gaba da shan magani barkatai, tarihin kulorokwin na iya maimaita kansa.