Yuki Tsunoda: Tafiyar matashin direban tsere na Japan daga Suzuka zuwa Red Bull

An haifi Yuki Tsunoda ranar 11 ga watan Mayun shekarar 2000 a birnin Sagamihara na lardin Kanagawa a ƙasar Japan. Tun yana ƙarami ya fara tuƙa ƙananan motocin tseren yara, kafin ya shiga makarantar horar da direbobi ta kamfanin Honda da ke filin tsere na Suzuka, inda ya kammala a 2016. Shekara biyu bayan haka ya lashe gasar Formula 4 ta Japan.

A lokacin Honda ta ƙulla yarjejeniyar samar wa ƙungiyoyin Red Bull injin mota, kuma wannan alaƙar ce ta buɗe masa ƙofar Turai. A 2019 ya fafata a gasar Formula 3 tare da ƙungiyar Jenzer ta Suwizalan, wadda ba ta cikin manya, amma ya yi nasara a filin Monza na Italiya, ya gama kakar a matsayi na tara.

Shekarar 2020 ce ta yanke makomarsa. Ba a shiga Formula 1 sai da lasisi na musamman, wanda hukumar FIA ke bai wa direban da ya tara maki 40 a ƙananan gasanni. Tsunoda, yana tuƙa wa ƙungiyar Carlin a Formula 2, ya ci tsere uku, ya zo na uku da maki 200, bayan Mick Schumacher da Callum Ilott. Wannan matsayi ya ishe shi.

Ƙungiyar AlphaTauri ta ɗauke shi a 2021 a madadin Daniil Kvyat. Shi ne ɗan Japan na farko a gasar tun bayan Kamui Kobayashi a 2014, kuma direba na farko cikin haifaffun ƙarni na shekarun 2000 da ya shiga tseren Formula 1. Ya zo na tara a tserensa na farko a Bahrain, sai dai abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba: haɗurra a lokacin gwajin neman gurbi, da kausasan kalamai ta rediyon mota waɗanda suka zame masa tambari. Ƙungiyar ta ɗauko shi daga Ingila zuwa Faenza a Italiya, kusa da masana'antarta, domin shugabanta Franz Tost ya sa masa ido. Ya rufe kakar da matsayi na huɗu a Abu Dhabi, da maki 32, alhali abokin tuƙinsa Pierre Gasly ya tara 110.

Daga nan ya yi ta natsuwa. A 2024 ya samu maki 30, ya kuma zo na goma a gaban 'yan ƙasarsa a Suzuka. Duk da haka, da babbar ƙungiyar Red Bull ta rabu da Sergio Pérez, Liam Lawson ta zaɓa, wanda bai kai shi gogewa ba. Tsere biyu kacal aka yi a 2025 ta sauya shawara, ta musanya su.

Kujerar da ke gefen Max Verstappen ta riga ta kayar da Gasly da Alex Albon, kuma Tsunoda ma bai tsira ba. Motar tana da wuyar sarrafawa ga duk wanda ba Verstappen ba. Mafi kyawun sakamakonsa a babban tsere shi ne matsayi na shida a Baku.

A watan Disambar 2025 Red Bull ta sanar da cewa Isack Hadjar na Faransa zai maye gurbinsa a 2026, Tsunoda kuma ya koma direban gwaji da na ko-ta-kwana. Honda, wadda ta rene shi tun daga Suzuka, ita ma ta koma haɗin gwiwa da ƙungiyar Aston Martin a wannan shekarar.