Laifi Tudu Ne: Wa Ya Durƙusar da Bankunanmu a 2009?

Ranar Juma'a, 14 ga Agusta 2009, Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya tara 'yan jarida a Legas ya sanar da cire shugabannin manyan bankuna biyar: Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da Finbank. A lokacin bai cika wata uku a kan kujerar ba. Ya ce bankunan sun cinye jarinsu, da rancen Babban Banki suke numfashi, don haka za a zuba musu naira biliyan 420 kada su nutse da ajiyar jama'a. Ranar 2 ga Oktoba aka ƙara da shugabannin Bank PHB, Spring da Equitorial Trust, kuɗin ceton ya kai biliyan 620. Tun daga lokacin ake nuna wa juna yatsa tsakanin masu bankuna, masu sa musu ido da masu yin doka, kowa yana rantsuwa cewa hannunsa a wanke yake.

Mutuwar banki ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Yawan rushewar ƙananan bankunan 'yan ƙasa ne ya sa Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar banki ta farko a 1952. A zamanin Janar Abacha an yi dokar soja ta 1994 da kotuna na musamman don hukunta waɗanda suka kashe bankuna, kuma a Janairun 1998 aka rufe bankuna 26 a tashi ɗaya. Saboda wannan tarihi ne, da Farfesa Charles Soludo ya hau gwamnan Babban Banki a 2004, ya ce duk bankin da yake son ci gaba da aiki sai jarinsa ya tashi daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Wasu suka haɗe, waɗanda suka gaza aka rufe su, bankuna 89 suka koma 25. Mu a Arewa mun ji abin a jikinmu, domin Bank of the North, wanda iyayenmu suka buɗe ido da shi tun zamanin Sardauna, ya shige cikin haɗakar bankuna tara da ta haifi Unity Bank.

Manufar mai kyau ce: a samu bankuna masu ƙarfin ɗaukar manyan ayyuka. Sai dai kuɗin sun shigo da gudun da ya fi hankalin masu juya su. Man fetur yana ta tsada a duniya, gwamnatoci suna jibge ajiya, bankuna kuma suna komawa kasuwar hannun jari suna sayar da sababbin hannaye, ana rububi. Maimakon rancen ya tafi gona da masaƙun Kaduna da Kano da suke mutuwa, sai ya tafi wuri biyu: masu shigo da man fetur, da masu karɓar bashi su sayi hannun jari, hannun jarin kuma ya zama shi ne jinginar bashin. Muddin farashi yana hawa, kowa mai wayo ne.

Ina koyarwa a wata sakandare a Kano a shekarar 2007, kuma da idona na ga yadda zazzaɓin ya shigo har ɗakin malamai. 'Yan mata da samari masu tallan banki, cikin kwat da jakar takardu, sukan zo lokacin tara su baje fom a kan teburin da muke maka jarrabawa. Wani dattijo abokin aikinmu, malamin lissafi da ya yi ritaya a shekarar, wata yarinya ta ce masa, "Baba, ka sa kuɗin sallamarka a nan, kafin Babbar Sallah sun ninka." Ya sa. Da takardar shaidar ta iso, mai ado a gefe kamar ta kammala jami'a, ya naɗe ta a leda ya ajiye a ƙasan akwatin matarsa tare da takardar gida. Babu wanda ya karanta masa littafin bayanin da ya zo da fom ɗin, babu kuma wanda ya ce masa farashi yakan sauka.

A farkon Maris 2008 darajar kasuwar hannun jari ta Legas ta kai kimanin naira tiriliyan 12.6. Bayan shekara ɗaya ba ta kai tiriliyan 5 ba. Rikicin bashin gidaje na Amurka ya sa baƙin masu zuba jari suka kwashe nasu suka gudu. Gangar ɗanyen mai da ta kai dala 147 a Yulin 2008 ta faɗo ƙasa da dala 40 kafin ƙarshen shekarar, naira kuma ta karye. Wanda ya ci bashi ya shigo da mai da tsada ya rasa yadda zai biya, jinginar mai hannun jari ta zama takarda kawai.

Masu bankuna sun riƙe wannan a matsayin hujjarsu: guguwa ce ta duniya, ba su suka kira ta ba. Wasu magoya bayansu ma cewa suka yi ajandar Arewa ce, Sanusi ɗan Kano ya zo ya ƙwace bankunan 'yan Kudu. Amma guguwar ta bugi duk bankuna 24 da suka rage a lokacin, kuma fiye da rabinsu sun tsallake binciken ba tare da an taɓa shugabanninsu ba. A laccar da ya gabatar a Jami'ar Bayero a Fabrairun 2010, Sanusi ya bayyana yadda wasu shugabanni suka kafa kamfanonin bogi suna ba kansu rance, suna sayen hannun jarin bankin nasu da kuɗin masu ajiya don farashi ya tashi, har da sayen jiragen sama da gidaje a ƙasashen waje. Ya ce a wurare da dama ko jarin biliyan 25 ɗin ba a tara shi da gaske ba. A Oktoban 2010 Cecilia Ibru ta Oceanic ta amsa laifi a kotu, aka ɗaure ta wata shida, ta kuma sallama dukiya ta kimanin naira biliyan 190. Francis Atuche na Bank PHB sai a 2021 wata babbar kotun Legas ta same shi da laifi, shekara goma sha biyu bayan an cire shi.

To ina masu gadi suke lokacin da ake wannan? Babban Banki da hukumar inshorar ajiya ta NDIC suna da masu bincike da ikon shiga kowane banki. Kowa a harkar ya san cewa bankuna ba rana ɗaya suke rufe lissafin shekara ba, don haka sukan ara wa juna kuɗi a yi kwalliya kafin ranar, a mayar bayan ta wuce. An yi shelar haɗe ranar a 2008, aka janye, sai a Disambar 2009 aka aiwatar. A ƙarshen 2008 hukumomi suna ta kwantar wa jama'a hankali cewa bankunanmu lafiya lau suke, alhali an faɗaɗa tagar rance ta Babban Banki, kuma bankuna biyar ɗin da aka fara cire shugabanninsu ne suka fi kowa zarya a bakinta. Soludo ya kare kansa da cewa da ba don haɗakar 2005 ba, da bankunan ba su ma jure bugun farko ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya haɗa manyan bankuna shi ya kamata ya haɗa manyan idanun da za su lura da su. Su ma hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari da shugabannin kasuwar sun zura ido farashin kamfanonin da ba su da wata riba yana ninkawa.

Waɗanda suka fi fita salin-alin su ne 'yan majalisa, kuma a ganina nasu alhakin bai gaza na kowa ba. Dokar da ake tafiyar da bankuna da ita a lokacin dokar soja ce ta 1991. An buɗe wa bankuna ƙofar shiga kowace irin harka a 2001, girmansu ya ninninka bayan 2005, amma ba a yi wa dokar garambawul na gaske ba sai 2020. Majalisun biyu suna da kwamitocin banki da na kasuwar jari masu ikon kiran kowa su titsiye shi. A shekarun rububi ba su hana komai ba. Bayan an yi ceton ne muryarsu ta fito, suna tambayar wa ya ba Babban Banki izinin fitar da kuɗi ba tare da amincewarsu ba. Tambaya ce mai kyau da ta zo a makare. Da Majalisar Wakilai ta zauna a Maris 2012 don gano abin da ya karya kasuwar, sai shugabar SEC, Arunma Oteh, ta zargi shugaban kwamitin, Herman Hembe, a bainar jama'a da neman kuɗi daga hukumarta. Ya musanta, amma ya sauka daga jagorancin binciken, hankalin ƙasa kuma ya bar kan asarar talakawa ya koma kan cacar bakin.

Akwai kuma manyan masu cin bashi, waɗanda Babban Banki ya buga sunayensu a jaridu a Agustan 2009, cikinsu da attajirai da makusantan masu mulki. A 2010 aka kafa hukumar AMCON ta sayi rubabbun basussukan daga bankuna, kuma shekaru da yawa bayan haka tana bin tiriliyoyin naira da ba a biya ba. Masu ajiya ba su yi asara ba, wannan abin yabo ne. Amma ƙananan masu hannun jari sun tashi a tutar babu. A Agustan 2011 aka soke lasisin Afribank, Spring da Bank PHB, hannayen jarinsu suka zama toka. Access ya haɗiye Intercontinental, Ecobank ya haɗiye Oceanic, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Mutane irin dattijon malamin nan, waɗanda ba su ci kobo ba, su suka biya da guminsu na shekara talatin da biyar.

Hukuncina shi ne: mai banki da ya ci amana shi ne mai laifi na farko, mai sa ido da ya gani ya yi shiru na biyu, mai yin doka da ya bar ƙofa a buɗe na uku, kuma girman laifin wani ba ya wanke na wani. A Maris 2024 Babban Banki ya sake ɗaga jarin bankuna, manyansu zuwa naira biliyan 500, aka sake fitowa da tallan hannun jari, wannan karon har ta wayar hannu. Ɗan'uwa, kada ka ci bashi don ka saya, kada ka zuba kuɗin sallamarka duka a wuri ɗaya, ka nemi wanda zai karanta maka lissafin bankin kafin ka sa hannu. Idan kuma ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, ka tambaye shi wane kwamiti yake ciki, kuma wa ya taɓa titsiyewa saboda kuɗin talakawa.