Ted Lasso: zangon farko na wasan barkwancin da ya ci kyaututtukan Emmy 7

Ted Lasso wasan barkwanci ne na talabijin mai dogon zango, wanda aka fara nunawa a dandalin Apple TV+ ranar 14 ga watan Agustan 2020. Zangon farko kashi 10 ne, kowane kashi kimanin rabin awa, na ƙarshensu ya fito ranar 2 ga Oktoba. Jason Sudeikis, wanda ya fito a matsayin Ted, shi ne ya tsara shirin tare da Bill Lawrence da Brendan Hunt da Joe Kelly. Tushensa wata talla ce da tashar NBC Sports ta yi a 2013, lokacin da ta fara nuna gasar Firimiyar Ingila a Amurka.

Labarin

Ted mai horas da ƴan wasan ƙwallon Amurka ne a jihar Kansas, irin ƙwallon da ake ɗauka a hannu a ruga da ita. Ko dokokin tamaula bai sani ba, amma aka kira shi Landan aka damƙa masa AFC Richmond, wata ƙungiyar Firimiya da marubuta shirin suka ƙirƙira. Mai ƙungiyar, Rebecca Welton, da gangan ta ɗauko shi. Tsohon mijinta ya ci amanarta, kuma babu abin da yake ƙauna kamar ƙungiyar, shi ya sa take so ta ga ta durƙushe.

Ƴan jarida suka yi ta yi masa ba'a, magoya baya suna zaginsa a filin wasa, shi kuwa bai taɓa ramawa ba. Kullum da safe yana kai wa Rebecca biskit. Ya saurari shawarar Nate, mai kula da rigunan ƴan wasa, wanda kowa ke rainawa. Ya shirya wa Sam Obisanya, matashin ɗan wasa daga Nijeriya da kewar gida ta dama, bikin zagayowar ranar haihuwarsa. Ya kuma yi ta ƙoƙarin sasanta kyaftin Roy Kent da matashi mai girman kai Jamie Tartt. Duk wannan yana yi ne alhali nasa auren yana mutuwa.

A kashi na 9 Rebecca ta faɗa masa gaskiya, ya yafe mata nan take. A wasan ƙarshe Manchester City ta doke su, Richmond ta faɗo daga Firimiya. Ted ya nemi ajiye aiki, Rebecca ta ƙi. Ke nan zangon ya ƙare da faɗuwa a fili, amma mutumin da aka ɗauko don ya rusa ƙungiya shi ne ya haɗa kanta.

Karɓuwa

Shirin ya fito ne lokacin annobar korona, jama'a na zaune a gida cikin damuwa, kuma masu sharhi da dama sun danganta farin jininsa da hakan. A 2021 an saka zangon cikin takarar Emmy har sau 20, adadin da babu wani sabon wasan barkwanci da ya taɓa samu kafin nan. Ya ci 7, ciki har da ta wasan barkwancin da ya fi fice, da kyaututtukan Sudeikis, da Hannah Waddingham wadda ta fito a Rebecca, da Brett Goldstein wanda ya fito a Roy Kent.