Dalma da mataccen rediyo a Damargu

Kalmar dalma ta girmi rediyo a Damargu, don maƙeran fari sun daɗe suna liƙi da ita. Bayan buɗe Rediyon Nijar a 1958, akwatunan rediyo suka biyo hanyar Damagaram zuwa Tanut, kayan gyaransu kuwa ba su biyo ba. Sai mai gyara ya sa ƙarhe cikin garwashi, ya narka dalmar mataccen rediyo, ya zare piyes (kalmar da muka ara wa Faransanci), ya dasa ma wani. Salula ta shigo a 2001, sana'ar ta koma kanta. Abin da ke damuna, yaran shago har Belbeji da hannun dalma suke cin abinci, alhali gubarta ce, daga dutsen zinariya, ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.