Injin Wanke-Wanke Ya Ƙi Fitar Da Kwanuka Fes? Duba Waɗannan Kafin Ka Kira Mai Gyara



Injin wanke-wanke ya fara shigowa hannun mutanenmu. Wasu a wurin aiki suke haɗuwa da shi, a kicin ɗin otal ko gidajen masu hali a Lekki da Ikoyi. Wasu kuma tokumbo suke saya a kasuwar Alaba. Yayana da ke harkar shanu a mayankar Oko-Oba ya sayo wa matarsa ɗaya, ya ɗoro shi a mota har gidanmu a Hammadu Kafi, Gombe. Sati bai cika ba aka jingine shi a lungu, wai an cuce shi. Da muka zauna muka bincika, ashe lafiyarsa ƙalau: tankinmu ne ya yi ƙasa, kuma sabulun da ake zuba masa ba nasa ba ne.

Tun 1886 wata Ba'amurkiya, Josephine Cochrane, ta yi rajistar ƙirƙirar wannan na'ura, kuma irin tokumbon da ke shigo mana don ruwa da wuta da abincin Turawa aka ƙera ta. Shi ya sa yawancin matsalarta a nan ba lalacewa ba ce. Wanda ya san haka ba zai yi asarar kuɗin gyara ba, yaron gida kuma ba za a zaftare masa albashi a kan laifin da bai yi ba.

Yadda yake aiki

Injin ba ya cika da ruwa kamar baho. Na zamani lita 9 zuwa 12 kawai yake sha. Hita ta dafa ruwan ya kai digiri 50 zuwa 70, sai famfon ciki ya turo shi ta wasu hannaye masu huji da ke juyawa kamar fanka, su yi ta fesa wa kwanuka. Ruwan ya gangaro ta matata a ƙasa, a sake turo shi sama. A ƙarshe ya zubar, ya ɗauraye, ya busar. Ka ga ke nan abu huɗu yake buƙata: ruwa mai ƙarfi, zafi, sabulun da ya dace, da hanya a buɗe. Ɗaya ya samu cikas, wanki ya ɓaci.

Kwanuka sun fito da guntun abinci

Fara da matata. Jawo kwandon ƙasa, za ka gan ta a tsakiya kamar kofi. Murɗa ta hagu ka ciro, ka wanke da tsohon buroshin haƙori. Miyar kuka da kuɓewa suna like mata ido, shinkafa da ƙayar kifi su taru a kai. Mai cin irin abincinmu, duk sati ya wanke ta.

Sai hannayen fesa ruwa. Cire su ka ɗaga wa haske, ka tsokale hujin da ya toshe da tsinken sakace. Bayan ka jera kaya, juya su da hannu; idan mariƙin tukunya ko doguwar cokali ta tare su, to rabin kwanukan ba za su ga ruwa ba.

Jeri ma ilimi ne. Kwano a kife, faranti a tsaye, kada wani ya hau bayan wani. Tuwo kuwa, in ya bushe a kwano ya zama siminti. A kankare shi, a jiƙa ƙanzon tukunya tukuna. Injin nan ba ya kankare ƙanzo, ko nawa ka saye shi.

Maiƙo ya ƙi fita

Duk wanda ya tashi a gidan nama ya san halin kitsen sa: yana jin sanyi sai ya daskare. Idan kwanuka sun fito da santsi ko farin kitse a jiki, ruwan bai yi zafi ba. Gwaji mai sauƙi: wanki na ƙarewa ka buɗe ƙofa. Ya kamata tururi ya buso maka, faranti ya yi zafin da sai ka jira kafin ka riƙe. In sanyi ka ji, ko hita ta mutu ko wuta ce ba ta cika ba.

Injin yana jan wat 1,800 zuwa 2,400, kusan duk hita ce ke cinyewa. Wutarmu bolt 230 ce a takarda, amma in ta faɗo zuwa 180, zafin hitar ya koma kamar kashi 60 cikin ɗari. Ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba, kar ma ka gwada. Sa masa sitabilaiza babba, irin mai 5,000VA, da soket nasa shi kaɗai. Kuma ranar manja ko farfesu, bar shirin tattalin wuta na digiri 50, ka zaɓi na 65 ko 70.

Kumfa ta cika kicin

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Sabulun ruwa na wanke-wanken hannu, irin su Morning Fresh, da garin wankin kaya, duk don kumfa aka yi su. Kumfa kuwa tana kashe ƙarfin feshi, ta tumbatso ta ƙofa. Injin yana da nasa sabulun marar kumfa, na gari ko na ƙwaya, irin su Finish. Ana samunsa a manyan kantuna. Da tsada, gaskiya, amma babu madadinsa. In an riga an yi kuskuren, a kwashe kumfar, a yi ta ɗauraya babu kaya har ta ƙare.

Farin dabbare ko jan tsatsa

Idan butar dafa ruwanku tana yin farin ɓawo a ciki, ruwanku mai nauyi ne, kuma shi ke barin fari-fari a kofin gilashi. Injinan Turai suna da ramin gishiri a ƙasa, kusa da matata, mai murfin murɗawa. Gishirin injin ake zubawa, mai manyan ƙwayoyi, ba na miya ba, don na miya yana da gauraye da ke toshe wurin. A ƙofa kuma akwai gurbin ruwan ɗauraya, mai sa kwanuka su bushe ba tabo. Sau ɗaya a wata a ɗora kofin ruwan khal a kwandon sama, a kunna wanki mai zafi babu kaya.

Jan tsatsa daban ne. Ƙarfe ne a cikin ruwan burtsatse, abin da mazauna Legas suka sani sarai. Gishiri ba ya maganinsa. Sai an sa matatar ruwa a bututu kafin ya iso injin.

Ruwa ba ya shiga

Injin yana son ruwa mai matsi, yawanci rabin ba zuwa sama. Kowace mita 10 ta tsayin tanki tana ba da kusan ba ɗaya, ke nan tanki ya ɗara injin da aƙalla mita 5. Namu a kan ɗan dakali yake, shi ya sa injin ya yi ta gurnani yana wanki da ruwa kaɗan. Ƙaramin famfon ƙara matsi muka sa, magana ta ƙare. Duba kuma 'yar rariyar da ke bakin tiyon shigar ruwa, yashi na toshe ta.

Ruwa ya kwanta a ciki, ko wari

Duba tiyon fitar ruwa ko ya lanƙwashe a bayan injin. A ɗaga tsakiyarsa sama a ɗaure, don ruwan kwata kada ya dawo. A injin Bosch, E24 na nufin ruwa ya ƙi fita, E15 ruwa ya zubo a gindin injin, E09 kuwa hita ce. Kafin ka sa hannu a ramin matata zare soket, ka yi hattara da fasasshen gilashi. Bayan wanki a bar ƙofa a ɗan buɗe ta sha iska.

Abin da ba a sakawa

Ƙwarya, akushi, muciya da ludayin duma, zafi zai tsaga su. Tukunyar dalma za ta yi baƙi, kaskon ƙarfe ya yi tsatsa, roba marar kauri ta lanƙwashe.

Ga mai shirin sayen tokumbo

Karanta takardar da ke manne a gefen ƙofa. In ka ga 220–240V da 50Hz, na Turai ne, ya dace da wutarmu. In 120V da 60Hz ne, na Amurka ne, bar shi komai arharsa. Kada ka yarda da "ai ga shi yana kawo wuta". A haɗa masa ruwa a gabanka, ya ja, ya dafa, ya zubar, sannan ka biya.

Yaushe za a kira mai gyara?

In ka bi duk waɗannan bai canza ba, ko kana jin warin ƙonewa, ko jikinsa na jan mutum, ko yana yoyo ta ƙasa, kashe shi ka nemo wanda ya iya. Wuta da ruwa a wuri ɗaya ba abin wasa ba ne. Yaran da ke aiki a gidajen mutane kuma, kada tsoro ya sa ku ɓoye. Ku faɗa wa mai gida da wuri, ku nuna masa abin da kuka duba.

Allah Ya ba mu sa'a a wuraren nemanmu, Ya mai da kowa gida lafiya.