Geocaching

Geocaching, wanda ake furtawa jiyokashin, wasa ne na farautar ɓoyayyun kaya a fili. Mutum zai ɓoye ƙaramin mazubi a wani wuri ya wallafa lambobin wurin a intanet, wasu kuma su bi lambobin da na'urar GPS har su gano shi. Akwai irin waɗannan mazubai sama da miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190, shi ya sa matafiya da yawa ke haɗa wasan da yawon buɗe ido. Na'urar tana aiki a ko'ina a duniya, amma taswira, tsarin lissafin wuri da dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Asalin suna

Sunan haɗin kalmomi biyu ne. Geo ta samo asali daga Girkanci da ma'anar ƙasa, cache kuma ta shiga Turanci daga Faransanci da ma'anar maɓoyar kaya. Matt Stum ne ya ƙirƙiro sunan a ranar 30 ga Mayu, 2000.

Tarihi

Wasan yana da magabaci a Ingila. A shekarar 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool da ke yankin Dartmoor domin baƙi su riƙa barin katinsu a ciki. Daga nan aka samu al'adar neman akwatuna ta hanyar kwatance da kamfas.

Kafin shekarar 2000, gwamnatin Amurka tana gurɓata siginar GPS da fararen hula ke samu da gangan, har kuskuren yakan kai mita 100. A farkon watan Mayu na shekarar, Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin dakatar da hakan, sai kuskuren ya ragu sosai. A ranar 3 ga Mayu, Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya zuba littattafai, faifan bidiyo, kuɗi, gwangwanin wake da gwafar danƙo, sannan ya wallafa lambobin wurin. Mike Teague ne ya fara gano shi.

Cikin makonni wasan ya tsallaka iyaka. An ɓoye mazubin farko na Turai a Bray Head da ke ƙasar Ayalan a watan Yunin 2000. A ranar 2 ga Satumba, Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da mazubai 75. Kamfanin Groundspeak da ke birnin Seattle ne ke tafiyar da shafin. A 2008 Richard Garriott ya bar mazubi a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa.

Yadda ake wasan

Kowane mazubi yana ɗauke da takarda ko ɗan littafi da wanda ya gano shi zai sa hannu da kwanan wata, sannan ya mayar da shi yadda ya same shi. Wanda ya ɗauki wani abu daga ciki sai ya ajiye makamancinsa ko wanda ya fi shi daraja. Ana auna wahalar nema da wahalar hanya da maki daga 1 zuwa 5. Bisa ƙa'idar Geocaching.com, ba a haƙa rami a binne mazubi, kuma dole tazarar mazubai biyu ta kai mita 161.

Akwai kuma kaya masu lambar shaida da ake kira Travel Bug. Su ba a riƙe su, ana ɗaukar su ne daga wani mazubi zuwa wani, kuma mai su yana bin tafiyarsu a shafin. Matafiya ne ke tsallaka da su daga nahiya zuwa nahiya.

Na'urar GPS ta hannu

Tsarin GPS ya dogara da taurarin ɗan Adam aƙalla 24 da ke zagaye duniya a nisan kusan kilomita 20,200. Na'urar tana buƙatar sigina daga huɗu daga cikinsu kafin ta lissafa inda take. Karɓar sigina kawai take yi, don haka ba ta buƙatar layin waya ko data. Sababbin na'urori suna karɓa har daga GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin.

Duk da cewa mafi yawan 'yan wasa yanzu da wayar salula suke nema, wasu matafiya sun fi son na'urori irin su Garmin eTrex da GPSMAP. Da yawansu suna aiki da batirin AA da ake samu a kowace kasuwa, suna jure ruwan sama da faɗuwa, kuma suna raba mutum da tsadar data a ƙasar waje. A sarari kuskurensu bai wuce 'yan mitoci ba, amma yana ƙaruwa a ƙarƙashin bishiyoyi da tsakanin dogayen gine-gine.

Amfani da ita a ƙasar waje

Shiri yana farawa tun daga gida. Ana sauke bayanan mazuban garin da za a je a fayil ɗin GPX, a zuba a na'urar tare da taswirar ƙasar, domin taswirar da ke zuwa da na'ura sau da yawa ta yankin da aka saye ta ce kaɗai. Wasu suna amfani da taswirorin kyauta da aka gina a kan OpenStreetMap. Idan aka kunna na'urar bayan doguwar tafiya a jirgi, takan ɗauki mintuna kafin ta gane sabon wurin, don haka ana barin ta a fili na ɗan lokaci.

Babban abin da ke ɓatar da matafiya shi ne tsarin lissafin wuri. Geocaching.com yana amfani da WGS 84, amma ƙasashe da dama sun zana taswirorinsu a kan nasu tsarin. Taswirorin Birtaniya suna kan OSGB36, wanda a wasu wurare ya sha bamban da WGS 84 da fiye da mita 100. Tsofaffin taswirorin Najeriya kuma suna kan tsarin Minna. A ƙasar Sin, taswirorin intanet suna bin GCJ-02, wanda ke gusar da wuri da ɗaruruwan mitoci.

Salon rubuta lambobin ma yana da tasiri. Shafin yana rubuta digiri da minti, misali bokitin Ulmer yana N 45° 17.460 W 122° 24.800. Wanda ya shigar da lambar farko a matsayin digiri 45.17460 zai kauce da kusan kilomita 13. Haka nan harafin gabas da na yamma: layin Greenwich ya ratsa ta Tema a Gana, saboda haka Kano tana gabas da shi, Accra kuma tana yamma.

Dokoki da tsaro

Ba kowace ƙasa ce ke ɗaukar na'urar a matsayin kayan wasa ba. Masar ta hana fararen hula amfani da GPS sai da izini har zuwa 2009. Dokar safiyo ta Sin ta haramta wa baƙi tattara bayanan taswira ba tare da izini ba. Indiya ta haramta na'urorin da ke aika saƙo ta tauraron ɗan Adam na Iridium da Thuraya, kuma an sha tsare matafiya a filayen jirgin samanta saboda Garmin inReach, wanda ke aiki da Iridium. Tun da wasu na'urorin hannu sun haɗa GPS da wannan hanyar aika saƙo, matafiyi yana bukatar sanin irin wadda ke jakarsa kafin ya isa kwastan.

Shi kansa neman yana iya jawo zargi. A 2011, a garin Wetherby na Ingila, an ga wani yana ajiye akwati a bakin titi, aka kira 'yan sanda, aka rufe wurin, masu kwance bam suka tarwatsa akwatin, daga baya aka gane mazubin wasa ne. Saboda irin wannan, ƙa'idar wasan ta hana ɓoye mazubi kusa da barikin soja, filin jirgi da makamantansu, kuma sai da izinin mai fili. Ba a amincewa baƙo ya ɓoye sabon mazubi a ƙasar da ya je hutu, sai in ya nuna wanda zai riƙa kula da shi bayan ya koma gida.

Muhalli

Masu kula da gandun daji sun koka kan tattake tsirrai da buɗe sababbin hanyoyi a inda ake yawan nema. A gandun ƙasa na Amurka ba a ajiye mazubi sai da izinin hukuma. Tun 2002 'yan wasan ke gudanar da gangamin kwashe shara mai suna CITO, a 2004 kuma aka fara EarthCache, inda babu mazubi ko kaɗan, sai dai mutum ya ziyarci wurin ya amsa tambayoyi kan duwatsu da yanayin ƙasarsa.